Kambun Kaporal Nomau

Duk ranar da samarin fadar shayi ta ƙofar gidana a Madawa suka so tsokanata, sai su kira ni da muƙamina na soja su ce, "Ajidan, ai ku likitocin soja kun huta. Wasu na gaba suna harbi, ku kuna baya kuna rabon parasetamol." Nakan bari su gama dariyarsu, su zuba mini shayi, sannan in shiga ɗaki in fito da garo in jefa wa wanda ya fi baki. In ce masa, "An harbe ka a hannun dama, jini na zuba. Ɗaure shi da hagu, ina ƙirga." Har yau ban ga wanda ya gama kafin in kai ɗari ba. Akwai ma wanda ya so ya rataya shi a wuya.

Garo ɗamara ce baƙa mai ƙarfi, faɗinta kamar yatsu biyu, da ɗan sanda a jikinta. Ka zura hannu ko ƙafar da ta ji rauni, ka kai shi can sama kusa da hamata ko cinya, ka ja da ƙarfi, ka murɗa sandan har jini ya tsaya, ka maƙale shi, ka rubuta lokaci. Shi ke nan. A baki ba ya kai numfashi biyu. Amma ni da na yi shekara ashirin da 'yan kai cikin kaki, kusan rabinsu a kan wannan 'yar ɗamara suka ƙare.

Da farko ni anfirmiyen bariki ne kawai, wato ma'aikacin jinya. Allura, maganin zazzaɓi, wankin gyambo, sai rubuta wa malalata takardar hutu in sun iya marairaicewa. Da yaƙi ya yi zafi a kan iyakoki, sai aka tsamo mu 'yan kaɗan aka kai mu rundunar musamman, aka haɗa mu da wasu sojojin ƙasar waje da suka zo ba da horo. Wanda aka ba ni a matsayin maigida wani gajere ne mai faɗin kafaɗa, rana na taɓa shi sai ya yi jawur, don haka muka sa masa Barkono. Ba ya jin Hausa, Faransancinsa kuma na kame-kame ne, amma bai taɓa rasa hanyar wahalar da mu ba.

Ranar farko da na san halinsa muna cikin cin abincin rana. Na kai loma ke nan sai na ji ya daka tsawa, "Garo! Ƙafar hagu!" Kowa ya watsar da cokali ya faɗi ƙasa yana lalube. Nawa yana can ƙasan jaka, ƙarƙashin safa da sabulu. Kafin in fito da shi Barkono ya zo ya tsaya a kaina yana duba agogo, ya girgiza kai, ya ɗauki kwanona ya miƙa wa na kusa da ni. Wai wanda ya mutu ba ya cin shinkafa. Sau uku ina asarar abincina a mako guda. Daga nan garona ya dawo aljihun ƙirji na hagu, kuma a nan ya zauna har na ajiye aiki.

Abin da Barkono yake so shi ne hannu ya san aikin ba sai ya tambayi kai ba. Ya sa mu ɗaura a kwance, ya sa mu ɗaura ido a rufe, ya sa mu ɗaura bayan mun yi gudu da bido, wato jarka, cike da ruwa har numfashi na sarƙewa. Har a ƙofar ban ɗaki yakan tsare mutum. Mu ma dai mun koya masa namu. Mun hana shi shiga gari ya wuce dattawa ba gaisuwa, mun hana shi miƙa magani da hagu, kuma kafin ya tafi ya iya zama ya jira shayi na uku ba tare da ya duba agogo ba. Wannan na ƙarshen ya fi komai ba shi wuya.

Da suka koma ƙasarsu, aikin ya dawo kanmu. Aka turo mu, mu shida, wurin wata kompani da ke sansani tsakanin Madawa da Buza, mu zauna da su mu koya musu abin da aka koya mana. Ni ɗan Buza ne, sai na ji kamar gida aka maido ni. To, a nan ne samari ba sa gane sana'ar. Mai horo ba kwamanda ba ne. Ba ka da ikon hukunta kowa. Kwano ɗaya kuke ci, mota ɗaya kuke shiga, in an harbe su an harbe ka, amma oda ta kapitan ɗinsu ce. Naka shi ne ka san yadda za ka ajiye shawara a gabansa har gobe ya tashi ya faɗe ta a taron safe kamar shi ya yi mafarkinta. In kai mai son a yaba maka ne, ba za ka yi wata guda ba.

Aikina na farko da su shi ne rabon garo. Na ba kowa sabo fil a ledarsa, na nuna musu, na ce a cire leda a sa a aljihun ƙirji. Bayan kwana uku na zagaya dubawa. Duk wanda na tambaya sai ya yi murmushi ya buɗe akwatinsa ya nuna mini, ga shi nan a leda, ko ƙura bai taɓa ba, an jera shi kusa da turare da rigar sallah. Ban yi mamaki ba, don ni kaina katifar ɗakina ta shekara biyu da ledarta. Haka muke, sabon abu ba a tuɓe shi. Wani ya ce mini, "Ajidan, in nab buɗe shi ai ya zama tsoho."

Ban yi musu faɗa ba. Na je wurin mai dafa abinci na sa ya dafa mini ruwan soɓo mai kauri, ya zuba busasshiyar kuɓewa a ciki, ya fito ja wur yana yauƙi. Na tara su, na sa kowa ya tsoma hannu biyu, na ce to a yage leda. Ku zo ku ga manyan ƙarti suna kokawa da leda, tana sulɓewa tana faɗuwa cikin yashi, wasu har da haƙora. Aka yi ta dariya. Da dariyar ta lafa sai na ce musu jinin gaske ya fi wannan santsi, kuma ba ya jira. A ranar aka cika kwandon shara da leda. Ƙudaje da zuma kuwa sun bi mu har la'asar.

Da aka tuɓe su kuma sai wata matsala ta ɓullo. Mutumin Adar ba ya ganin igiya mai kyau ya ƙyale ta. Na kama wanda ya ɗaure buhun albasa da nasa a bayan moto, wato babur, na kama wanda ya ɗaure akuya, na kama wani da ya mai da shi bel. Wannan na ƙarshen har yana yaba mini ingancinsa. Dole na ware tsofaffi na shafa musu shuɗin fenti don horo, na ce wanda na ga sabonsa a jikin akuya, shi zai riƙa wanke tukunyar soɓo.

Cusa bandi a cikin rauni kuwa da cinyar bijimi muke koyonsa. Ranar kasuwa in aika a sayo wajen mahauta, in huda ta da wuƙa, in sa tiyo a ciki ana tura soɓo, kowa ya zo ya cusa yatsa ya nemo inda yake fitowa, ya danna bandi har ya toshe. Darasin nan ba a taɓa samun wanda ya yi latti ba, saboda kowa ya san inda cinyar za ta ƙare da yamma.

Ba sojoji kaɗai ne masu zuwa wurina ba. Duk ƙauyen da muka tsaya, kafin in buɗe jaka layi ya kai bakin rijiya. Mai ciwon ido, mai kunama, makiyayin da ƙaya ta karye masa a dunduniya tun kaka, tsohuwar da ba abin da ke damunta, tana so dai a sa mata abin sauraren ƙirji. Kowa sai na duba shi. Barkono ya taɓa ce mini rabin tsaron sansani a wannan layin yake, kuma na ga gaskiyarsa. Wanda ka cire wa ƙaya yau, shi ne gobe zai ce maka kada ku bi ta ƙoramar can, an ga baƙin sawun moto.

To, a cikin wannan kompani akwai Kaporal Nomau, mutumin Tamaske. Dogo ne, baƙi, ya girmi yawancinsu, ba ya da yawan magana. Kafin ya shiga soja ya yi kiwo, ya yi bida, wato ci-rani, har Abijan. In ya duba ƙasa zai gaya maka moto nawa suka wuce, da wane lokaci, da ko suna ɗauke da kaya. Shi ke zama a motar gaba. Ƙananan sojoji in kapitan ya ba da oda, fuskar Nomau suke fara kallo kafin su motsa.

Wata safiya ina gwada su biyu-biyu, na sa wani ya ɗaura wa Nomau garo a hannun hagu, a kan riga, kamar yadda za a yi a fagen fama. Ya murɗa, ya murɗa, har sandan na neman karyewa. Na kama tsintsiyar hannun Nomau, sai na ji jijiya na bugawa abinta kamar ba a ɗaura komai ba. Na ce ya naɗe hannun riga. Sai ga kambu uku jere a damtsensa, tun daga saman gwiwar hannu har kusa da hamata, na fata masu kauri, kowanne da layu ɗinke a ciki, sun yi tauri kamar icce. Garo a kansu yake hawa, ba ya isa ga nama. Sama da su kuma babu wurin yatsa biyu.

Na ce kowa ya naɗe hannun riga. Fiye da rabinsu suna da shi, wani ɗaya, wani biyu. Na yi musu bayani a hankali. Ban ce kowa ya yar da layarsa ba, ni ma ina da tawa a ƙugu tun ina yaro. Na ce a sauya mata wuri kawai, a bar damtse da cinya fili. Duk Nomau suke kallo.

Ya ce, "Ajidan, dut abin da kac ce in yi, ina yi. Ka ce in hau dutsen Deule da bido biyu, yanzu in hau. Amma wanga kambu ba ni da iko da shi. Inna tad ɗaura mini shi da hannunta ranad da za ni bida, tac ce kar in kwance shi sai ta ce."

Na ce, "To ka kira ta a waya mana."

Ya ce, "Abin da anka ɗaura da hannu, ba a kwance shi da waya."

Kapitan ɗinsu matashi ne, ya yi karatu mai zurfi, jarumi ne kuma, amma ba ya da haƙuri da abin da yake kira al'adun ƙauye. Da labari ya kai masa sai ya ce magana ɗaya ce: ko Nomau ya cire, ko ya sauka daga motar gaba ya koma gadin ƙofa. Na san in aka yi haka an yi asara biyu. Kompani za ta fita ba mai karanta mata ƙasa, sauran kuma za su ɓoye nasu a ƙarƙashin riga, ranar da aka harbi wani a murɗa masa garo a banza. Na bari ya huce, na kai masa shayi, na yi ta kewaye-kewaye har shi da kansa ya ce, "Me zai hana ku je Tamaske ku ga tsohuwar?" Na ce wallahi wannan dabara ba ta zo mini ba. Ya ba mu kwana biyu.

Muka hau moto ɗaya, Nomau na tuƙi, muka bi ta Keita, duwatsu suna ta jijjiga mini ƙugu. Mahaifiyarsa, Inna Tsahara, 'yar ƙaramar tsohuwa ce mai kaifin ido, kuma ashe ita ce ungozomar unguwarsu. Muka gaisa, muka sha hura, ta tambaye ni garinmu da sunan kakana. Nomau ya koma gefe ya zauna kamar ba da shi ake ba. Na fito da garo na fara bayani da irin Hausar da nake yi wa manya. Ta katse ni.

"Bar dogon zance, ɗana. Ɗaura mini in ji."

Na ce, "Inna, da zahi."

"Na haihi tara. Ɗaura."

Na ɗaura mata a hankali. Ta ce, "Haka za ka yi mishi? Murɗa awa da gaske." Na murɗa. Ta sa yatsunta a tsintsiyar hannunta tana saurare, har ta ji bugun ya ɗauke. Ta gyaɗa kai, na kwance. Sannan na ɗaura wa Nomau a kan kambunsa, na murɗa iya ƙarfina, na ce ta taɓa. Ta riƙe hannun ɗanta ta daɗe. Jijiya na bugawa.

Ta ce, "Na san jini. Na ga mata sun tahi a hannuna ina kallo, ba wurin da za ni ɗaurewa. Ashe ku naku yana da wurin ɗauri." Ta aika aka kawo reza. Ita da kanta ta tsinke ɗinkin, ɗaya bayan ɗaya, tana motsa baki. Fatar wurin ta fito fari-fari, damtsen ya shiga ciki kamar inda igiya ta daɗe a jikin icce. Ta sa baduku ya jera layun a tsirkiya guda, ta ɗaura masa a ƙugu. Da za mu tafi ta rako mu har zaure, ta kama hannun rigata.

"Ni ban san kapitan ba, ban san gwamnati ba. Kai nas sani. Bisa maganakka nik kwance shi."

Na ce, "Na ji, Inna." A lokacin da sauƙi na faɗe ta.

Da muka dawo, Nomau bai yi wa kowa wa'azi ba. Ya dai fito taron safe da hannun riga a naɗe. Cikin mako guda dukawan Madawa suka ga ciniki, kowa na kai kambu a mai da shi na ƙugu. Kapitan ya faɗa a taro cewa dabararsa ta yi aiki, muka tafa masa. Na sake gwada su ɗaya bayan ɗaya, duk wanda aka ɗaura wa, bugu ya ɗauke. Watannin da suka biyo baya su ne mafi daɗi a aikina. Har gasa suke yi, ana sa kwalin shayi, kuma Nomau da hannu ɗaya yake kayar da masu hannu biyu.

Sai mummunar shekara ta zo. Aka ɗaga kompanin zuwa wajen iyaka, mu ma muka bi su. Mutanen da muke yaƙi da su sun daina tsayawa gaba da gaba, sai binne nakiya a hanya. Layin marasa lafiya a ƙauyuka ya ragu, saboda an yi musu kashedi, wanda aka gani wurinmu zai gamu da su. Muka rasa masu gaya mana inda ba a bi. A shekarar na wanke gawar mutanen da na koya wa ɗauri da hannuna, waɗanda raunin nasu ba a hannu ko ƙafa yake ba. Ba na son dogon zance a kan wannan.

Ranar Nomau da hantsi ne. Ya riga ya tsayar da mu sau biyu a hanyar, ya sauka ya nuna inda aka taɓa ƙasa, aka tono. Ta ukun a cikin yashin ƙorama take, inda shanu suka bi suka tattake komai. Ina mota ta huɗu na ji ƙarar, na ga motar gaba ta tashi ta faɗi a gefe. Nan take aka buɗe mana wuta daga cikin itatuwa. Tsakanina da su bai fi taku sittin ba, amma sai da na yi kusan minti goma a kwance ban iya ɗaga kai ba. Na san abin da minti goma yake nufi ga jijiyar hannu.

Da wuta ta lafa na ruga. Na tarar da Nomau zaune ya jingina da taya. Hannunsa na hagu daga gwiwa zuwa ƙasa ba ya kalluwa. Amma garo na can sama daf da hamata, a murɗe, a maƙale, jini ya tsaya cak. Da hannun dama da haƙora ya ɗaura. Yana ta yi wa wani soja tsawa ya ƙara murɗa na ƙafar direba. Da ya gan ni sai ya ce, "Ajidan, ka yi haƙuri, ban rubuta lokaci ba. Bik ɗina ya ɓace." Na ce na yafe masa. Shi da direban duka sun rayu. A lopital, wato asibiti, aka yanke hannun daga gwiwa.

Ban ankara da abin da ke tafe ba sai bayan kwana kaɗan. Na ji ana ƙus-ƙus, in na iso a yi shiru. Mai dafa abinci ne ya fasa mini. Ya ce, "Ajidan, cewa suke, shekara nawa kambu na hannun nan ko ƙaya ba ta soke shi ba. An kwance, kuma hannun nan dai shi nakiya taz zaɓa." Na fara lura da hannayen riga. Sun sake kumbura. Ba wanda ya yi mini rashin kunya, ana gaishe ni kamar kullum, amma aikin shekara guda ya warware, kuma gobe ma hanyar nan za mu bi. Ni kaina na kasa manta wane hannu ne.

Da aka sallami Nomau ya koma Tamaske, na san dole in je. Sau biyu ana ba ni izini ina ƙirƙiro aiki. Na shiga wurare da dama da ake harbi, amma ban taɓa jin tsoro irin na zauren tsohuwar nan ba. A karo na uku na hau moto ni kaɗai.

Na same ta a tsakar gida tana yanka tumatir tana shanyawa a tabarma. Nomau na ƙarƙashin rumfa, ya danne butar shayi da gwiwa yana fifita gawayi, ya yi ƙiba har da kumatu. Ya yi ihu da ya gan ni, ya ce in zo in ga yadda ake zuba shayi da hannu guda ba a zubar ba. Na durƙusa gaban Inna Tsahara. Muka gaisa, ta tambayi iyalina, ta tambayi hanya, ta tambayi ruwan Buza. Ba ta daina yanka ba. Da gaisuwa ta ƙare na ce, "Inna, bisa maganata kinka kwance. Ga abin da ya hwaru. Na zo ki hwaɗi abin da za ki hwaɗi."

Ta ajiye wuƙar ta goge hannu a zane.

"Su mi suka cewa can wurinku?"

Na gaya mata duka, har da kumburin hannayen riga.

Ta ce, "Ji mini shashanci. Ranad da nit tahi wurin malam, shin suna nan? Ni ban ce mishi a tsare mini hannu ba. Cewa niy yi, ɗana za shi tahiya, ya tahi ya komo. Ga shi can zaune shina cinye mini hatsi." Ta nuna katangar maƙwabta da haɓa. "Waccan, ɗanta bai komo ba, takalma da agogo anka kawo mata cikin leda. Tashi daga durƙuson ga, ɗana, ba ka da laihi wurina."

Na koma gefen tabarma na zauna. Ta ba ni lokaci, ta ci gaba da yankanta. Can ta ce, "Wayag ga taka tana ɗaukar magana?" Na ce tana ɗauka. Ta ce in kunna. Ta riƙe ta nesa da baki kamar mai tsoron ta cije ta, ta ɗaga murya har kaji suka watse.

"Ku ɗiyan soja, ni ce Tsahara uwar Nomau. An ce kun maida kambu ga damtse. To ku ji. Ni nad ɗaura, ni nak kwance, kuma da za a koma, sai in sake kwancewa. Kowa ya maida nashi ga ƙugu. Wanda duk ya ƙiya, in Allah ya sa ya komo, ya biyo ta Tamaske in ja mishi kunne. Uwayenku ku suka jira, ba layu ba." Ta miƙo mini. "Ta shiga?"

Na ce ta shiga.

Washegarin komawata na roƙi kapitan minti biyu a taron safe. Na haɗa wayar da lasifikar sansani. Muryar tsohuwa ta cika fili, har da kukan kajinta. Wasu suka fara murmushi, suka haɗiye. Da ta ƙare sai kowa ya koma kallon takalminsa, ba mai son ya fara. Ina tsaye ina tunanin ko in sake kunnawa, sai na ji motsi a gefena. Kapitan ne yake ɓalle maɓallin hannun rigarsa. Ya naɗe har sama, sai ga sabon kambu jawur a damtsensa, ko datti bai yi ba. Bai kalli kowa ba. Ya miƙo mini hannun ya ce a hankali, "Ajidan, taimaka mini, ƙullin ya yi tsauri. Bayan nakiyar nan tsohuwata ta aiko da shi."

Ina cikin kwance masa na ji maɓallai na ɓallewa a layi, ɗaya bayan ɗaya, har na baya.